Yadda zaka fahimci su Baba da Inna, ka tsallake shekarun balaga ba tare da gida ya zame maka filin daga ba

Da ku nake 'yan lise da 'yan kolej da masu koyon ɗinki da kanikanci, daga Garwa har Marwa da Ngaundare da Kuseri, ku da kuka shigo shekarun nan da komai Baba ya faɗa sai kaji ranka ya ɓaci, Inna ta aike ki sau biyu kawai sai kiji kamar duk gidan ke aka tsana. Bazan ce muku iyaye basa kuskure ba, suna yi, wasu ma suna yi da yawa. Amma galibin faɗan da ake muku tsoro ne a ƙarƙashinsa, kuma wanda yake jin tsoro ba'a shawo kansa da musu, sai dai a rage masa tsoron. Kusan duk abinda zan faɗa nan ƙasa hanyoyin rage tsoron ne.

Fara da jikinka tukunna

Hukumar lafiya ta duniya tana lissafa wannan zangon daga shekara 10 zuwa 19. Yarinya jikinta kan fara canzawa tsakanin 8 da 13, namiji tsakanin 9 da 14, shiyasa a klas ɗaya zaka ga wani ya fara gemu wani kuma muryarsa har yanzu irin ta ƙanwarsa, kuma duk lafiyarsu lau. Ƙurajen fuska, warin hammata, murya tana karyewa, mafarki ga maza, al'ada ga mata, duk hanya ce. Wasu mazan ma nononsu yakan ɗan kumbura yayi tauri yana zafi, su yi ta ɓoyewa da babbar riga suna tunanin asiri aka musu, alhali yawanci da kansa yake bajewa cikin wata shida zuwa shekara biyu. Ke kuma in al'adarki bata zuwa a tsare a shekarun farko ba abun tashin hankali bane. Abinda zai kai ki asibiti shine in kin kai 15 baki taɓa gani ba, ko jini ya wuce kwana 7 yana zuba da yawa, ko ciwon mara ya hana ki zuwa lekol duk wata. Kuma dan Allah ku rabu da man bilicin saboda ƙuraje, ƙara lalata fatar yake.

Abinda ba'a cika faɗa muku ba shine ƙwaƙwalwa ma gini take. Ɓangaren dake kula da jin daɗi da fushi da son burge abokai yana saurin nuna, shi kuma na gaban goshi mai cewa tsaya ka duba ƙarshen abun nan baya gama haɗuwa sai wajen shekara 25. Kamar moto ne sabo fil mai ƙarfin inji amma birkin ba'a gama ɗaure shi ba. Ba wai baka da hankali bane, a'a, cikin natsuwa zaka iya yin tunani fiye da wani babban ma, matsalar tana zuwa ne lokacin da rai ya ɓaci ko abokai suna kallo. To ka riƙe wannan: duk shawarar da ta zo maka kana cikin fushi ko kana tsakiyar majalisa, bari sai gobe.

Sai barci. Mai shekarunku yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma jikin da kansa yana jinkirta jin barci a wannan zangon, ga waya a hannu har ɗaya na dare, ga asuba, ga klas bakwai da rabi, ga zafin Maris da Afrilu da mutum ke kwana a tsakar gida yana juyi. Rabin rashin kunyar da ake cewa kana yi da safe wallahi rashin barci ne. Gwada ajiye wayar ƙarfe goma na sati ɗaya kaga ko faɗan safe bai ragu ba.

Me suke tsoro?

Nan ne nake so ku daɗe. Zauna ka lissafa shekarun Babanka. In yana tsakanin 45 da 55 to yana saurayi aka yanke albashin ma'aikata a Kamaru har sau biyu a 1993, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ya ga masu digiri sun dawo gida suna tura amalanke, ya ga gidajen da ake dafa nama kullum sun koma miyar kuka tsura. Mutumin da ya taso cikin wannan in yaga bulten ɗinka, wato takardar sakamakon makaranta, da 8 bisa 20 ba lambar yake gani ba, kai yake gani nan da shekara goma kana tsaye a bakin tasha ba aiki. Shiyasa ihun yafi girman laifin.

In kuma a Arewa Mai Nisa kuke, tun 2014 iyaye basu sake barci da ido biyu rufe ba saboda rikicin Boko Haram. Kolofata, Fotokol, Mora, bama-baman da suka tashi a Marwa a Yulin 2015, yaran da aka yaudara suka bi daji basu dawo ba. Kai lokacin kana ƙarami ko ma baka san komai ba, su kuwa suna tuna wa da wa aka binne. In Inna tace magariba ta same ka a gida, ba dandali take maka baƙin ciki ba.

Ga tramol. Kowa yasan yadda ya cinye samari a garuruwanmu, musamman masu moto da masu aikin ƙarfi, a fara da ƙwaya ɗaya wai dan gajiya, a ƙare da farfaɗiya a tsakiyar titi. Ga shisha, ga cacar ƙwallo a waya wadda take cinye kuɗin inskripsiyon, wato rajistar makaranta, cikin dare ɗaya. Ga mata kuma tsoro ɗaya ne babba wanda ba'a faɗinsa da baki, ciki, da abinda unguwa zata ce. Kina ganin kamar Inna bata yarda dake ba, ita kuwa 'yar wance take tunawa da aka cire daga ajin trwaziyem ana saura wata biyu jarrabawar BEPC.

Ban ce duk tsoron nan daidai bane, wani yayi yawa, wani ma zalunci yake haifarwa kamar a cire yarinya daga karatu dan kawai ana tsoron abinda bai faru ba. Amma in ka gane wanne ne yake damun naka iyayen, ka san ta inda zaka shiga. Aikin gida na farko kenan: duk lokacin da aka hana ka abu, tambayi kanka me suke gudun ya faru, sannan ka kawo amsar wannan tsoron kafin ka sake roƙo.

Sannan akwai kunya. Mu ba mutanen "ina sonka ɗana" bane. In kai ɗan fari ne wataƙila Inna bata taɓa kiran sunanka ba ma, sai dai "kai" ko "wannan yaron", a gaban mutane kuma ta nuna kamar ba ita ta haife ka ba. Kuna kallon finafinan waje a waya kuna ganin uba ya rungume ɗa, sai ku auna naku da wannan ma'aunin ku ce ba'a sonku. Duba wani wajen. Waye ya sayar da tunkiya lokacin rantire, wato komawa makaranta bayan dogon hutu? Waye take ajiye maka ƙanzo ko ta rufe maka tuwo in ka makara? Waye ya je wajen sirbeyan, mai kula da ladabtarwa a makaranta, yana bada haƙuri da girmansa ranar da aka kore ka? A nan suke faɗin maganar.

Yadda ake roƙon abu

Lokaci shine rabin nasara. Kar ka tari Baba yana shigowa daga kasuwa rana ta gasa shi, kar ka tare shi gaban baƙi ko gaban ƙannenka, dan a gaban mutane ko yana so dole yace a'a saboda girmansa. Kar ka kawo maganar kuɗi a satin rantire ko ana jibi Sallah. Bari yaci abinci, bayan isha'i, ya miƙe ƙafa a tabarma. Ka durƙusa, ka gaishe shi, kace "Baba in ka samu sarari akwai maganar da nake so in kawo maka." In yace gobe, to gobe, kar ka tura baki.

In ka samu dama ka kawo maganar a cike. Akwai bambanci tsakanin "zan je kallon ƙwallo" da "Baba, Coton Sport suna wasa ranar Lahadi a filin Rumde Ajiya, zamu je da yaya wane ɗan gidan Alhaji, ƙarfe shida na dawo, wayata a buɗe." Na biyun ya amsa ina, da wa, yaushe, kafin a tambaya. Kuma in kace shida, to shida saura ka shigo. Sau uku kayi haka, na huɗu ba'a ma tambayarka da yawa. Sau ɗaya ka saɓa, ka koma farko, haka abun yake, ba adalci bane sosai amma haka yake.

Kalmomin da zaka cire daga bakinka: "kowa ma yana yi", "ai zamani ya canza", "baku gane ba", "gidan su wane ba'a haka". Duk wanda ya faɗi ɗaya daga ciki ya rufe ƙofa da hannunsa, dan abinda uba yake ji shine an ce masa jahili ko matalauci. Madadin haka nemi shawararsa da gaske. "Baba, ina son in yi seri C, ɓangaren lissafi da kimiyya, amma lissafina yana ƙasa, ya kake ganin zan yi?" Mutum in ka sa shi cikin shawara da wuya ya yaƙe ta daga baya.

In an ce a'a, kace to, ka tashi. Bari kwana biyu uku, sannan ka dawo da ƙaramin abu. An hana ki zuwa bikin ƙawa har dare, nemi zuwa wuni ki dawo la'asar tare da Goggo. An hana ka waya babba, nemi a baka bayan jarrabawar probatuwar in ka ci. Rabi da aka baka da daɗin rai yafi duka da ka sata.

Ka san masu shiga tsakani

Wannan ne arzikin da muke dashi wanda yaran wasu wuraren basu da, kuma kuna wasa dashi. Akwai maganar da ɗa baya iya faɗa wa uba ido da ido, ba dan tsoro ba, dan ba haka aka tsara ba. Shiyasa Allah yayi kaka. Kakarka abokiyar wasarka ce, zaka iya gaya mata abinda in Inna taji sai ta suma, kuma ita kaɗai ce zata kira Babanka tace "kai, zo nan" ya zo ya durƙusa. Akwai Goggo, ita take iya gaya wa ɗan'uwanta gaskiya. Akwai Kawu, akwai aminin Baba wanda suke shan shayi tare, akwai malamin islamiyya, akwai yayar da tayi aure.

Amma zaɓa da kyau. Ba kowace Goggo ba, wata kafin ki isa gida labarin ya riga ki. Nemi wanda iyayenka suke jin nauyinsa kuma bakinsa yana rufuwa, ka gwada shi da ƙaramin sirri tukun. Kuma kaje masa da neman taimako, ba kai ƙara ba. "Kawu, ina son in ci gaba da karatu har jami'ar Marwa, Baba yana so in zauna a shago, ka taya ni yi masa magana" yafi "Baba ya tsane ni" sau dubu, dan na biyun in ya koma kunnen Baba kun shiga sabon rikici.

A gidan da mata suka fi ɗaya kuma, ina roƙonku kar ku ɗauki faɗan iyaye mata ku ɗora a kanku. Kishi nasu ne, sun san yadda suke yi, gobe zaka gansu suna dariya wajen suna kai kuma ka ɓata da ɗan'uwanka na har abada. Gaida matar Babanka, ci abincinta ranar girkinta, in ta maka ba daidai ba gaya wa Baba a keɓe ko kaka.

In faɗa ya riga ya tashi

Kar ka amsa a lokacin. Ba wai dan baka da gaskiya ba, dan babu mai ji. Sunkuyar da kai, bar shi ya gama, kace "ayi haƙuri". Wannan kalmar ba ta nufin ka amsa laifin da baka yi ba, wuta kawai kake kashewa. Kar ka juya baya kana tafiya ana maka magana, kar ka buga ƙofa, kar kayi ƙunƙuni, sau da yawa ƙunƙunin yafi laifin farko tsada. Mun sani tun a allo an hana ko "uf" a ce musu. Fita kayi alwala, zaga unguwa, buga ƙwallo, rubuta duk abinda ke ranka a littafin rubutu ka yaga. Abinda bazaka yi ba shine ka hau WhatsApp ka sa a status, wallahi akwai ɗan'uwa a lambobinka da zai ɗauki hoton ya kai. Washegari in gari ya waye rai ya kwanta sai kace "Inna, jiya abinda ya faru ga yadda yake." Zaki yi mamakin yadda uwa take sauraro in ba a gaban mutane bane.

In kai ne da laifi, riga su faɗa. Bulten yayi muni, kai shi da kanka tare da abinda zaka yi akai, repetisiyon, wato ƙarin darasi, ko rage yawo, kar ka bari sai sirbeyan ya aiko. Ƙarya ce take kashe yarda, ba faɗuwa jarrabawa ba.

Maganar waya a taƙaice: in zasu duba, bari su duba, in akwai abinda bazaka so Inna ta gani ba to dama bai kamata ya zauna a ciki ba. Ke kuma ko waye, ko ya rantse da me, kar ki tura hoton jikinki. Wanda yake turo miki kredi da Orange Money ba gaira ba dalili yana rubuta bashi ne.

Inda shiru ba biyayya bane

Duk abinda na faɗa a sama na gida ne mai lafiya, inda ake faɗa ana shiryawa. Akwai abubuwan da haƙuri baya maganinsu kuma addini ma bai ce kayi shiru ba.

In wani yana taɓa jikinki ko jikinka, ko malami ne ko ɗan'uwa ko mai riƙonka, ba laifinka bane, kuma barazanar da yake maka ta cewa ba mai yarda da kai ita ce makaminsa kaɗai. Faɗa wa babba, in na farko bai yarda ba faɗa wa na biyu. In duka ya kai ga jini ko karaya ko hana abinci, wannan ya wuce tarbiyya. In ana shirin ɗaura miki aure baki so kuma baki kai ba, ki sani dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta haramta auren dole da aurar da wanda bai kai 18 ba, Chadi ma ta kafa irin wannan dokar tun 2015. Ba ina cewa ki kai Babanki kotu bane, kusan kullum ana gamawa a gida in an samu mai faɗa a ji, liman ko jauro ko Baffa, amma ki fara neman su da wuri tun kafin a karɓi sadaki, dan bayan an karɓa janyewa tana wuya. In duk sun ƙi, akwai santar sosiyal, wato cibiyar kula da walwalar jama'a, da ofishin ma'aikatar mata da iyali, kuma a lise akwai konseye mai bada shawara, aikinsa kenan ba zaɓen seri kawai ba.

In ka riga ka fara tramol kuma kana jin bazaka iya wuni babu shi ba, kar ka tsaya jiran ranar da zaka daina da kanka, kuma kar ka yanke shi lokaci ɗaya in ka daɗe kana sha da yawa, jiki yana iya rikicewa. Je asibiti a rage maka a hankali. Nemi Kawu ko yaya ya raka ka, shi zai san yadda zai shigar da maganar gida.

Sai baƙin cikin da baya tafiya. Kowa yana da ranar da baya son magana, wannan ba komai. Amma in ya kai sati biyu baka jin daɗin komai, ko ƙwallon da kake so, barci ya ƙi ko yayi yawa, abinci baya shiga, kana jin kai ba kowa bane, to ciwo ne kamar zazzaɓi kuma yana da magani, ba raunin imani bane, ayi addu'a a kuma ga likita. In har tunanin kashe kanka ya taɓa zuwa maka, yau ɗin nan zaka faɗa wa wani, ba gobe ba, kuma kar ka kwana kai kaɗai a ɗaki. In abokinka ne ya gaya maka haka yace ka riƙe sirri, wannan sirrin ba'a riƙe shi, tashi ka samu yayansa ko mahaifiyarsa ko malaminku, ko zai yi fushi da kai na wata ɗaya.